Ranar da Marka ta Rataya Gangar Noma

Duk wanda ya taɓa riƙe garma a Tungar Namadi, ta ƙasar Gwashi, ya san hannun Gambo Makaɗi. Gangar noma ya gada wajen ubansa, tare da abin da ake kaɗawa da ita. Kowane manomi a garin yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in ya ji ya san da shi ake, wanda galibi na ubansa ne ko na kakansa. Gambo na riƙe da su duka a ka, da na mutanen tungayen kewaye, har da na wasu manyan manoma na Gummi da Anka da ya taɓa yi wa kiɗa a gayya tun yana da ƙuruciya. In ya hango mutum tafe, tun kafin fuska ta bayyana, tafiyarsa kawai zai duba, sai hannu ya kama.

A shekarar farin nan mai tsanani, wadda shanu suka yi ta faɗuwa mutane suka koma cin tafasa, ciwo ya kwantar da Gambo. Da ya tashi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya dawo, hannu bai dawo ba. Aka rataye ganga a zaure. In za a yi gayya sai a ɗauko wani makaɗi daga Bukkuyum, wanda ke yi wa kowa kiɗa iri ɗaya, kamar mai raba kunu.

Gambo ba shi da ɗa namiji da ya rayu. 'Yarsa ɗaya ce, Marka, mace mai jiki da ƙarfin hannu, ta doshi arba'in, tana auren Malam Bashiru mai makarantar allo. Tun rasuwar innarta ita ke kula da tsohon. Kullum da rana za ta yafa mayafi ta kai masa fura, ta share masa zaure, ta kakkaɓe gangar, wani lokaci ta shafa wa tsirkiyoyinta man shanu don kada su tsinke. Ba ta taɓa rataya ta a kafaɗa ba, don ba a san mace da gangar noma ba. Amma a cikin kiɗan ta buɗe ido. Uban nata ko yana cin tuwo yana kiɗa da baki, ko yana alwala ɗan yatsansa na buga buta. Babu taken da bai zauna mata a kai ba. In tana daka, da taken Dikko Sarkin Noma take lugude. In ana biki, taken wani magidanci take ɓoyewa cikin kiɗan ƙwarya, matarsa ta gane, su yi ta ƙyaƙyatawa, sauran mata ba su san abin dariyar ba.

Bayan farin, Allah ya kawo damina mai albarka. Gero ya yi, dawa ta yi. Da kaka, gonakin arewacin gari suka cika da tarin dammunan gero da ba a kai ga kwasowa ba, dawa kuma na tsaye ta bushe ƙayau tana jiran magirbi. Mutanen da suka ga yunwa da idonsu sukan je su tsaya bakin gona kawai su yi ta kallo.

Ranar da abin ya faru, maza sun tafi yankan shinkafa a fadama. Fadamar na kudu, bayan dutsen da garin ya jingina da shi, sai an ƙetare gulbi. A gari babu kowa sai mata da tsofaffi. Marka na durƙushe a zaure tana dama wa ubanta fura, sai tsohon ya ɗaga hanci.

"Marka, kin ji ƙauri?"

"Maharba na, Baba. Kullum suna toyi."

Ba ta rufe baki ba sai ga Dija, maƙwabciyarsu, ta faɗo zauren ba sallama, ta yar da itacen da ta ɗauko, ɗankwali a hannu.

"Wuta! Wuta ta taso daga dajin arewa! Wallahi ta kusa gonar Dikko, iska ko na bayanta!"

Marka ta fita da gudu. Hayaƙi ya tokare sama, baƙi ƙirin, shaho na ta shawagi a bakinsa suna cafkar fara. Mata suka firfito, wasu na salati, wasu na kuwwa, wata ta ɗauko tulu kamar tulu zai yi wani abu. Suka haɗa murya suka ƙwala kira wajen kudu, dutse ya maido musu da abinsu. Hasana, mai ƙafa a cikinsu, ta ɗaure zane ta ce za ta ruga fadama.

"Kahin ki kai mashigi su kuma su taso, sai dai su iske toka," in ji Dija.

"In sun ga hayaƙi ai za su zo."

"Hayaƙi da kaka labari na? Wa za ya aje lauje don hayaƙi?"

Sai suka ji muryar Gambo daga zaure, irin wadda ba a ji ba tun kwanciyarsa.

"Marka! Sabko da gangag ga!"

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. "Baba, wa za ya kaɗa?"

"Ke."

"Ni? Mace?"

"Wutar ta tambaye ki ke mace ce? Kina tsammanin ban jin lugudenki daga nan? Sabko da ita, ɗiyata. Dija, ku kamo jakin can ku aza ni!"

Marka ta miƙa hannu ta sauko da ganga. Fatar ta saki saboda daɗewa a inuwa. Dija ta fizgo kara daga dangar gida ta cinna masa wuta, suka kara fatar a kai, Gambo na cewa a juya, a juya, yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsan hagu har ta amsa da ƙarfi. Mata suka cicciɓe shi suka ɗora kan jaki, biyu na tallafe da shi dama da hagu. Marka ta cire mayafi ta yi ɗamara da shi, ta saɓa maratayi a kafaɗa, ta ɗauki gula, sandar nan mai lanƙwasa. Nauyin gangar ya ba ta mamaki. Haka suka hau dutse, jaki na turjewa, Dija na tura shi ta baya tana zaginsa.

Daga kan dutse komai a fili yake. A arewa ga wuta ta yi layi ja tana lashe ciyawa, ana jin ƙarar ta kamar ana yayyaga sabon yadi. A kudu ga gulbi na ƙyalli, ga maza can cikin shinkafa, sun duƙa, ƙanana kamar tururuwa.

Marka ta yi bisimilla ta sauke gula. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne, wani dum ne mai nauyi kamar an yar da buhu.

"Ba hura kike kirɓi ba!" in ji Gambo. "Saki wuyan hannunki! Bari gula ta dawo da kanta. Hannun hagu bisa hwata, ki danne, ki saki."

Ta sake bugawa. Ta sake. A karo na gaba gangar ta buɗe baki, sautin ya bi ta cikinta har tafin ƙafa. Ta kama kiɗan gangami, wanda ake yi in an yi gobara ko ɓarayin shanu sun shigo. Can cikin fadama wasu suka ɗago kai. Suka tsaya suna duban dutse, suna duban juna. Wani ma ya koma ya duƙa.

"Sun ji, Baba, amma ba su taso ba!"

"Gangami na kowa na, shi ya sa kowa ka jiran wani ya hwara. Kira su ɗai-ɗai. Hwara da Dikko."

Nan Marka ta ji ta iso gida. Taken Dikko ai da shi take daka. Ta ja numfashi ta saki hannu, ganga ta faɗa sarai: Dikko na Balaraba, ƙasa ta gan ka ta yi laushi. Ta maimaita, ta ƙara masa wuta.

A tsakiyar fadama wani dogon mutum ya miƙe zumbur kamar an tsikare shi. Ya ɗaga lauje sama. Ko daga nan sun ji ihun da ya kurma. Sai ga shi ya yanko ta cikin shinkafa, bai nufi mashigi ba, gulbin ya faɗa kai tsaye, ruwa har ƙirji.

"Ya taso! Wallahi ya taso!" Dija ta rangaɗa guɗa.

"Sodangi!" in ji Gambo, yana dukan wuyan jaki da hannun hagu. "Ba shi nashi!"

Ta juya hannu: Sodangi gatari, kututture ya kwana da shiri. Wani gajere ya watsar da damin shinkafa ya bi bayan Dikko. Ta kira Modibbo na bakin marina. Ta kira 'ya'yan gidan maƙera, da taken kakansu mai amon uwar maƙera, suka taso su uku a tare. Tun Gambo na faɗa mata suna har ya koma binta da baki kawai, don kafin ya ambaci mutum ta riga ta hango shi, ta gane tsayuwarsa, ta jefa masa nasa. Wani taken ba ta san tana da shi ba sai da ta ji shi ya fito. Gida-gida ta bi garin a cikin kanta, daga ƙofar gabas har bakin rijiya, hannu na zuba, gumi na shiga mata ido. Fadama ta ruɗe. Duk wanda aka kira sai ya yi ihu ya zabura, wanda ba a kai gare shi ba ya tsaya da lauje a hannu yana jiran nasa, ƙafa na rawa.

Saura wani saurayin magidanci a gefen fadama, shi kaɗai, yana ta waige-waige.

"Wancan Saminu na, ɗan marigayi Na'inna," in ji Gambo. "Ba ya da take. Uban ya rasu cikin yunwag ga ban kai ga ba yaron nashi ba. Wuce shi."

Marka ba ta wuce shi ba. Ta sassauta hannu ta kaɗa taken uban, wanda rabon da a ji shi tun mai shi na da rai: Na'inna hadarin gabas, ko ba ka zuba ba an gyara rumbu. Saminu ya sandare. Ya ɗora hannu biyu a ka. Sai ya kwasa da wani irin gudu, ya wuce waɗanda suka riga shi, ya faɗa ruwa. Da Marka ta waiga, hawaye na bin gemun tsohon, bakinsa na motsi.

Dikko ne ya fara hawowa dutsen, jiƙe sharkaf, yana haki, yana kirari tun daga ƙasa.

"Gambo! Ashe hannu ya tashi! Gambo na..."

Ya yi turus. Ga Gambo kan jaki, hannu a lanƙwashe. Ga ganga a kafaɗar matar Malam.

"La'ilaha illallahu! Wa ka kiɗa?"

"Diba arewa, Sarkin Noma!" in ji Marka, ba ta tsayar da hannu ba.

Ya duba. Ya juya ya daka wa na bayansa tsawa, kowa ya biya gida ya ɗauko garma da hauya, a sari ɗanyen ganye. Maza suka kwarara ta cikin gari kamar ruwan kwazazzabo. A cikin na ƙarshe Marka ta hango mijinta, Malam Bashiru, ya naɗe wando har gwiwa. Shi ba shi da take, gidan malamai ba a yi musu kiɗa. Ya ɗago kai ya dube ta, gabanta ya faɗi, gula ta kusa kuɓuce mata. Ya bi sahu.

"Mi kike jira?" in ji Gambo. "An taɓa gayya makaɗi na bisa dutse? Bi su!"

Ta gangara da gudu, ganga na dukan ƙugunta, mata na biye da tuluna.

Kafin su isa, wuta ta riga ta shiga gonar Dikko ta gefen daji, dawa na fashewa kamar ana harbi. Mutane suka auka mata da ganye, zafi ya koro su. Ana cikin haka sai ga Manu, Bafillacen da rugarsu ke yamma da gari, da 'yan'uwansa, sun kora shanu bakin gulbi sun dawo da sanduna.

"Sarkin Noma, bar wagga gona, ta tahi!" in ji Manu. "Ku ja baya zuwa burtali. Shanu sun tattake shi, ba ciyawa. In kunka hwaɗaɗa shi, nan za ta tsaya!"

Dikko ya dubi dawarsa, ya cije leɓe. "Burtali!" ya ce. "Kowa burtali!"

Suka jeru a bakin hanyar shanun, kafaɗa da kafaɗa, kamar ranar gayya. Marka ta tsaya a bayansu ta kama kiɗan huɗa, mai sa garma ta tashi tare ta sauka tare. Ƙasa ta fara tashi. In ta ga hannun wani ya yi sanyi sai ta matsa kusa da shi ta cusa masa takensa a kunne, sai ka ga mutum ya yi kururuwa ya ƙara mai. Sodangi na noma yana kirari, hayaƙi na shaƙe shi, yana tari yana ci gaba. Mata na janye karan da aka sare, suna jiƙa ganye suna miƙawa. Manu da mutanensa suka cinna wuta a ɗaya gefen burtalin, ƙarama, suna bin ta da duka, don ta je ta tari babbar.

Da babbar ta iso, sai da rana ta ɓace. Zafi ya daki fuskar Marka, tartsatsi na sauka kan fatar ganga tana kaɗe shi da hannun hagu, na dama bai tsaya ba. Ba ta ganin kowa, sai ihu. Wani wuri wuta ta tsallake ta kama wani tarin gero, Saminu da Malam Bashiru suka faɗa masa da ganye, suka watsa dammunan, suka tattake da ƙafa. Fatar ganga ta ɗaure da zafi har muryarta ta koma siririya. Marka ta ci gaba da bugu, tana kiran sunaye cikin hayaƙi, duk wanda ya ji nasa ya amsa, da haka aka san kowa na nan.

Sannu a hankali ƙarar ta ragu. Wutar ta iske ƙasa baƙa a gabanta, ta rasa abin ci, ta kwanta. Hayaƙi ya yaye. Gonar Dikko ta tafi, da rabin ta Modibbo. Duk abin da ke kudu da burtali yana nan, tarin gero bayan tarin gero, har bakin gari.

Wani ya yi kabbara, kowa ya ɗauka. Dija ta saki guɗa har muryarta ta dushe. Sai a lokacin Marka ta ga tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, gula ta yi ja. Ta zauna daɓas a kan kunya, ganga a cinya.

La'asar sakaliya aka taru a ƙofar zauren Gambo, kowa baƙi ƙirin, ido ja, ana ta shan ruwa ana magana a tare. Tun a nan magidanta suka yanke cewa kowa zai kai wa Dikko da Modibbo dami daga nasa. Marka na daga cikin zaure, Dija na shafa mata man kaɗanya a hannu, kunnenta na waje. Da ta ji sallamar mijinta sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

Malam Bashiru ya shigo, gefen gemunsa ya babbake. Ya gaida surukinsa, ya daɗe yana duban hannun matarsa.

"Malam, ban nemi izini ba," in ji ta a hankali.

"Da kin tsaya neman izini, da yau mun kwana da izini ba hatsi." Ya zauna a bakin tabarma. "Ni abin da ad dame ni daban. Shekarun ga duka ina jin lugude cikin gidana, ina cewa matata akwai son aiki. Ashe Sarkin Noma aka yi wa kiɗa bisa turmina."

Dija ta tuntsire da dariya, Gambo ya yi ta yi har da tari. Marka ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ana cikin haka sai hayaniya ta tashi a waje. Manu ne ya kutso kai zauren, sanda a kafaɗa, fuska a ɗaure.

"Gambo, ƙara ni kawo. An kira kowa yau, har wanda ya zo daga baya yana ɗingishi. Ni da nib ba da shawarar burtali, ban ji an kira ni ba."

"Kai manomi na?" in ji Sodangi daga ƙofa. "Taken noma za a ba mai sanda?"

"Ina da gona bayan ruga!"

"Wadda shanunka ka cinyewa kowace shekara?"

Aka fashe da dariya. Gambo ya ɗaga hannun hagu, aka yi tsit. Ya lumshe ido, ya daɗe yana motsa baki, kai na kaɗawa. Sai ya fara da baki, a hankali, yana dukan gwiwa: Manu ja-gaban wuta, ka nuna mata makwanci. Ya sake, ya gyara wurin da bai zauna ba.

"Kin riƙe?" ya tambayi Marka.

Hannun ba ya iya riƙe gula. Ta jawo ƙwaryar furar da ta bari tun rana, ta kife ta, ta buga da bayan yatsu. Karo ɗaya ta buga, ya fito daidai.

Manu ya karkata kai yana saurare, murmushi na ƙwace masa. Ya dire sanda, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya yi wani tsalle a tsakiyar zaure har hularsa ta taɓa rufi.

"Ƙara!" ya ce. "Amma Gambo, na Dikko ya hi nawa tsawo."

"Dikko gona guda ya rasa yau," in ji tsohon. "In kana son dogo, kawo saniya mu ƙone."